Kashi na 14: Yadda za ka yi cefane idan likita ya hana ka alkama

Yau hirar tamu ta cefane ce, amma cefanen wanda aka ce ya rabu da gulutin.

Ƙanwata ta yi shekaru tana fama da kumburin ciki, zawo da ƙarancin jini, kafin a gano cutar siliyak ce. Ranar farko da muka shiga babban kanti bayan an sallamo ta, wallahi mun fi awa guda muna zagaye, muka fito da biskit ƙwaya ɗaya mai shegen tsada. Ta kalle ni ta ce, "Yaya, shi ke nan na daina cin abinci?"

To, bari mu fara daga tushe. Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira "rye". Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ga mai siliyak kuwa, ko kaɗan ya ci, garkuwar jikinsa sai ta far wa ƙaramin hanjinsa, abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata. Kusan mutum 1 cikin 100 na da ita a duniya.

Kuskuren da muka yi shi ne, mun nufi layin kayan waje. Alhali abincinmu na gado yawancinsa ba shi da gulutin: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, doya, rogo, dankali, gyaɗa. Haka nama, kifi, ƙwai da ganye, in dai ba a haɗa su da komai ba. Fara cika kwandonka da waɗannan tukuna.

Sai abin da ke cikin leda ko gwangwani. Nan ƙa'ida ɗaya ce: juya bayansa ka karanta. In ka ga "wheat", "barley", "rye", "malt" ko "semolina", ajiye shi. 'Yan uwanmu na Nijar, ku nemi "blé", "orge" da "seigle". Burodi, taliya, kuskus da cincin, kowa ya sani. Masu yaudarar su ne semo, wanda mutane da yawa ba su san alkama ba ce, da lemon malt, da wasu dunƙulen miya, da sosej. Hatta hatsin "oats" yakan gauraya da alkama tun daga gona ko masana'anta.

In an rubuta "gluten-free" ko "sans gluten", a dokar Turai da Amurka ma'anarsa gulutin ɗin bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Wasu kayan za ka ga hoton zangarniya an ja mata layi, alamar ke nan. Amma "wheat-free" daban ne fa, don ana iya samun sha'ir a ciki.

Ga kuma inda muka sha wuya: injin niƙa. Ka sayi geronka mai kyau, ka kai inji, ashe wanda ya riga ka alkama ya niƙa. Haka garin ɗanwake na leda, sau da yawa da fulawa a ciki. Yanzu a gidanmu wake da alabo muke haɗawa, da kuka da kanwa, kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Abu na ƙarshe, don Allah: in kana zargin kana da wannan matsala, kada ka daina cin alkama kafin a yi maka gwaji, don yin hakan na iya ɓoye cutar a sakamakon. Ka ga likita tukuna.

Ƙanwar tawa yanzu ta murmure, ita ce ma ke ƙwace leda a hannuna ta karanta. In akwai mai irin wannan lalura a gidanku, ku tura masa wannan kashin, ku kuma faɗa mana me kuke dafawa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.