Haɗarin Mota da Haƙƙin Wanda Aka Ji wa Rauni

Jawabi ga dattawa da membobin ikkilisiyoyinmu na Mada, Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Mun gode wa Allah da ya kawo kowa lafiya, gama dukanmu mun san halin hanyoyin nan, daga Gusau zuwa Tsafe har Funtuwa, da wadda ta bi ta Bunguɗu zuwa Sakkwato.

Ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Wani ɗan'uwa cikinmu ya ɗauko buhun wake a kan babur zai kai kasuwa, mota ta buge shi, ƙafa ta karye. Kafin ya farfaɗo, dangi sun riga sun ce wa direba, “Mun yafe, je ka.” Ba wanda ya rubuta lambar motar. Muka tara baiko Lahadi uku, bai isa ba. A ƙarshe aka sayar da shanun noma, yara biyu suka bar makaranta. Mu da muka tsaya a kansa muna addu'a, mu ma da laifinmu, domin ba mu san akwai haƙƙin da doka ta tanadar masa ba.

A wasu jihohin Amurka, kamar Mishigan tun 1973, idan aka yi haɗari kamfanin inshorar kowa ne ke biya masa kuɗin asibiti, ba a tsayawa neman mai laifi. Tsarin Najeriya dabam ne. Tun dokar 1945, wajibi ne duk abin hawa da ke kan titi ya kasance da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Ana kiranta inshorar mutum na uku: mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, wanda aka buge kuma na uku. Mai tafiya a ƙasa, da mai babur, da wanda aka rushe wa shago, da fasinjan da ya biya kuɗin mota, duk suna ciki. Amma ba ta gyara motar direban da ya yi laifin.

Daga 1 ga Janairu 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta mai da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000. Abin da kamfani zai iya biya kan dukiyar da aka lalata ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ga babur, kuɗin naira 3,000 ne, biyan ɓarna kuma har miliyan 1. Wannan iyaka ta dukiya ce. Rauni da rasa rai lissafinsu dabam ne, ana duba girman abin da ya faru. A ranar 1 ga Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka fara tilasta bin wannan doka a duk ƙasa. Yawancinmu mun ɗauki takardar nan abin nuna wa ɗan sanda a shinge ne kawai. Alhali kuwa alkawari ne da aka riga aka biya kuɗinsa.

Mun san tambayar da ke zuciyar wasu: ashe neman diyya bai saɓa wa gafara ba? Mu duba Fitowa 21:18-19. A can an umarci wanda ya ji wa ɗan'uwansa rauni ya biya shi lokacin da ya rasa na aiki, ya kuma kula da shi har ya warke. A Luka sura 10, Basamariyen nan bai tsaya ga tausayi ba, ya fitar da kuɗi ya ba mai masauƙi, ya ɗauki nauyin abin da zai ƙaru. Jinya tana cin kuɗi, dole wani ya biya. Za mu iya yafe wa direba da zuciya ɗaya, ba ƙiyayya, ba neman a ɗaure shi, mu kuma karɓi abin da kamfani ya yi alkawari. Idan muka bar shi, ba direba muka taimaka wa ba. Kamfani muka bar wa, gwauruwa da marayu kuma su ɗauki nauyin.

To, me za mu yi idan abin ya faru?

Na fari, a ceci rai. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. A kai majinyaci asibiti mafi kusa, idan raunin ya yi tsanani a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Na biyu, wani ya rubuta lambar motar da sunan direba, ya ɗauki hoton takardar inshorar da wurin haɗarin da waya, ya kuma karɓi sunayen shaidu biyu ko uku.

Na uku, a sanar da 'yan sanda, a nemi rahotonsu a rubuce. Mun sani mutanenmu, da yake ba mu da yawa a nan, sukan ji tsoron tayar da magana. Amma wannan doka ba ta tambayar addinin kowa. Maƙwabcinmu Musulmi yana da wannan haƙƙi daidai da mu, ya kamata ma mu faɗa masa.

Na huɗu, a adana kowane rasit, na magani, na hoton ƙashi, na aikin tiyata, tare da rahoton likita. Idan aka zarce wurin maɗori ba tare da likita ya gani ba, babu takardar da za a nuna. Idan rai ya salwanta, a karɓi takardar shaidar mutuwa.

Na biyar, a rubuta wa kamfanin da wuri, a riƙe kwafi. Mai motar ma wajibi ne ya sanar da kamfaninsa. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, gama wata takardar tana nufin an gama magana ke nan. Idan kamfani ya yi ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a domin marasa ƙarfin ɗaukar lauya.

Yanzu mu juya ga kanmu. Mu da ke da mota, ko babur, ko motar ikkilisiya da ke kai zumuntar mata taro, takardarmu ta gaskiya ce? Akwai masu buga ta jabu a bakin tasha da araha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ranar haɗari za a tarar ba kamfani a bayanta, nauyin duka ya dawo kan mai motar. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai a intanet mai suna NIID. Duk matashin da ke da waya zai iya sa lambar mota ya ga ko inshorar tana nan. Haka kuma, idan mu ne masu neman diyya, kada mu ƙara ko kwabo a kan rasit. Wanda ya nemi haƙƙinsa da ƙarya ya ɓata shaidarsa.

Muna roƙon dattawa, kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu masu karatu, namiji da mace, waɗanda za a kira da zarar an ji labarin haɗari. Yayin da wasu ke addu'a a gefen gado, su suna tattara takardu. Kafin ƙarshen wata kuma, kowa ya kawo takardar abin hawansa a duba, za mu fara da namu na fastoci.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya warkar da waɗanda ke kwance, ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi a kan hanya. Amin.