Kiɗa da Ƙwaƙwalwa: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da aka ce in yi magana yau, sai na tuna da gayya a garinmu Doguwa. Kowa ya san idan mai gangar noma ya iso gona, saurayin da ya galabaita sai ya sake ɗaukar garma kamar bai taɓa gajiya ba. Haka mata uku ke lugude a turmi ɗaya, taɓarya ba ta bugun 'yar'uwarta. Mene ne sirrin wannan?

Sauti yana bugun dodon kunne, ya wuce cikin kunne inda wasu 'yan ƙananan gasu ke mai da shi saƙo, jijiya ta kai shi ƙwaƙwalwa. To, ba sashen ji kaɗai ke karɓarsa ba. A 2007 masu bincike a Ingila sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da ke sauraren kiɗa suna kwance, ko yatsa ba su motsa ba, aka ga sassan da ke tsara motsin jiki suna aiki. Ƙwaƙwalwa tana hasashen lokacin da bugu na gaba zai sauka, ta shirya jiki tun kafin ya zo. A 2009 an gano a Hungary cewa jinjirin 'yan kwanaki ma yakan lura idan aka tsallake bugu ɗaya. Ashe da abin aka haife mu.

Mu Hausawa muna da ƙari. Harshenmu mai karin sauti ne, shi ya sa mai kalangu ke matse tsarkiya ya sassauta, ya yi wa mutum kirari ba tare da buɗe baki ba. Kuma wa ya manta da yadda muka haddace karatun allo da rauji?

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne baffana. Hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, magana ta ɗauke, ko sunan 'ya'yansa ya kasa faɗa. Wata rana aka sa kaset ɗin Shata, sai muka ji yana bin amshi kalma bayan kalma. Goggo ta fashe da kuka. Dalili shi ne, a yawancin mutane magana tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, rerawa kuwa ɓangarorin biyu ke yin ta. Tun 1973 likitoci a Boston ta Amurka suka fara koya wa irin waɗannan majinyata magana ta hanyar rerawa. Mu ma haka muka riƙa rera masa gaisuwa, har Allah ya sa ya iya cewa “ina kwana”.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Wanda ke da irin wannan majinyaci, ya kai shi asibiti da gaggawa, kuma kada a bar shi shiru a ɗaki. Na biyu, gasun nan na cikin kunne idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. A ja wa yaranmu kunne game da tsayawa gaban lasifika a gidan biki.