Baƙi Masu Zuwa Ganin Wuraren Basasa



Maganata a kan baƙin nan ce da kan ƙetare gadar Wudil suna tambayar hanyar Takai da Garko. Ba kasuwa suka zo ba, wuraren Basasar Kano su ke son gani da idonsu.

Kun san asalin abin. Da Sarkin Kano Bello ya rasu cikin 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka bi Yusufu suka fita zuwa Takai, can suka tara mayaƙa. Yusufu bai ga ƙarshen al'amarin ba, ajali ya riske shi a Garko cikin 1894. Ƙanensa Alu ne ya shiga birni a wannan shekara, aka kuwa kashe Tukur a Tafashiya cikin 1895.

To, ga roƙona. In baƙo ya iso, kada a haɗa shi da yaro don kawai yana jin Turanci. A nemi dattijon da ya ji labarin daga bakin iyayensa, magatakarda kuma ya zauna kusa ya rubuta, gama dattawan nan suna ƙarewa.

Abu guda kuma mai nauyi. Jikokin Tukurawa da na Yusufawa suna nan, sun yi auratayya. Mai rakiya ya faɗi abin da ya auku, amma kada ya yi wa wani gefe kirari, ko ya aibata ɗaya. In an biya ta maƙabarta, a roƙi baƙo ya rufe abin ɗaukar hotonsa har a wuce.