Marin-Marie: mai zanen da ya san teku da hannunsa

Yau za mu ba ku labarin wani Bafaranshe, marubuci kuma mai zanen jiragen ruwa. Sunan da duniya ta san shi da shi Marin-Marie. A Faransanci, "marin" shi ne mutumin da ke aiki cikin jirgin ruwa.

An haife shi a shekarar 1901 a yammacin Faransa. Tun yana yaro ya saba da teku a tsibiran Chausey. Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ya yi karatun shari'a har ya samu babbar takarda, amma zuciyarsa tana wajen ruwa da zane.

A 1925 ya yi aikin soja cikin jirgin wani likita mai bincike, Charcot. Sunan jirgin Pourquoi-Pas, wato "Me zai hana?". Sun tafi tekun arewa, inda ƙanƙara ke yawo bisa ruwa kamar duwatsu. Marin-Marie yana jan igiya tare da sauran ma'aikata. In ya samu sarari, sai ya ɗauko takarda ya zana abin da idonsa ya gani.

A 1933 ya yi niyyar ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai. Jirginsa ƙarami ne, tsawonsa mita 11, sunansa Winnibelle. Iska ce ke tura shi, ta hanyar manyan ƙyallaye da ake ɗaurawa bisa dogon itace.

To, ku yi tunani. Mutum ɗaya ne cikin jirgi. Dole ya ci, dole ya yi barci. In ya kwanta, wa zai riƙe sandar tuƙi? In jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa, yana iya kifewa, kuma babu mai jin kuwwarsa.

Ga dabarar da ya yi. Ya ɗaura ƙyallaye biyu a gaban jirgi, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya haɗa igiyoyinsu da sandar tuƙi. In jirgi ya karkata, iska ta fi cika ƙyalle ɗaya, igiyarsa ta ja sanda, jirgi ya komo kan hanya. Haka ya yi makonni bai riƙe sandar ba. Ya tashi daga Douarnenez a Faransa, ya bi ta tsibirin Madera da na Martinik, ya sauka New York a Amurka.

A 1936 ya sake ƙetarewa shi kaɗai, wannan karon cikin jirgi mai inji, Arielle. Daga New York zuwa Le Havre a Faransa ya fi kilomita 5,000, wato ya fi tafiyar Yamai zuwa Zinder sau biyar. Bai cika kwana 20 ba ya isa. A wannan jirgi ya kafa wani faifai da iska ke juyawa, shi ke gyara masa hanya. Masu tafiya su kaɗai bisa teku sun ci moriyar wannan dabara bayansa.

Cikin shekarar nan ta 1936 jirgin Charcot ya nutse kusa da ƙasar Island. Mutum ɗaya tak ya tsira. Jirgi ya tafi, amma siffarsa ta rage cikin zanen Marin-Marie.

Gwamnatin Faransa ta naɗa shi mai zanen rundunar ruwa. Masu wannan matsayi suna sa alamar ƙugiyar tsaida jirgi kusa da sunansu. Ya kuma rubuta labarin tafiyoyinsa biyu, littafin ya fito da Ingilishi a 1945.

Me ya sa ma'aikatan ruwa ke girmama zanensa? Don kowace igiya tana wurinta, kowane ƙyalle yana daidai da iskar da ke busawa. Kun san manomi ba ya ruɗewa tsakanin gero da dawa. Haka Marin-Marie ba ya ruɗewa da jirgi, gama hannun da ya riƙe alƙalami shi ne ya ja igiyar.

Ya rasu a 1987. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.