Karatu Ba A Baki Kaɗai Yake Ba

Yau maganarmu a kan 'yan firamare ce, musamman namu na nan Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya.

Yaro zai dawo ya ce malama ta ce a kawo tsinken tsintsiya, ko wake da gwangwanin madara. Sai uwa ta ce, "Wannan kuma wane shirme ne?" To 'yar'uwa, karatun ke nan. Yaron da ya ɗaure tsinke goma-goma da hannunsa ya san ma'anar 34: ɗauri uku da tsinke huɗu. Wanda ya shuka wake a gwangwani biyu, ya ba ɗaya ruwa ya hana ɗayan, ya ga kimiyya da idonsa. Gani ya kori ji. Mai haddar baki kawai kuwa, ki aike shi kanti, lissafin canji ya gagare shi.

Dokar UBE ta 2004 ta wajabta mana sa yara makaranta, amma malama ɗaya ba za ta kama hannun kowa ba. Ki ba shi kayan. In kina awon gero, bari ya ƙirga miki mudu.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.