Ina Ya Dace Mu Haƙa Rijiyar Bakin Kogi?

 

Kwamiti ya nemi in yi magana a kan rijiyar burtsatsen da kuka tara wa kuɗi. Ni ba injiniya ba ne, malamin makaranta ne mai ritaya, amma na koyar da labarin ƙasa shekaru masu yawa, kuma a gabana aka haƙa waccan rijiyar ta bakin kasuwa, wadda ta ƙafe tun bazarar farko. Kusancinta da jama'a kaɗai aka duba wajen zaɓen wurin. Ba wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Kogin Haɗeja yana biyo ƙasa iri biyu. Daga yamma har zuwa wajen Wudil dutse ne a ƙarƙashi, ruwa ba ya zama sai a tsagarsa ko inda ya rududduge. Daga can zuwa gabas, inda muke, shimfiɗun yashi ne da yumɓu, wani kan wani, irin na kwarin Tafkin Chadi. Yashi da tsakuwa su ke riƙe ruwa su kuma sake shi. Yumɓu yana riƙewa amma ba ya saki. Saboda haka mutum biyu kan haƙa a fadama ɗaya, tsakaninsu bai wuce jifa ba, ɗaya ya sami ruwa ɗaya ya sami taɓo. Manomanmu sun ga haka tun daga 1993, da shirin Fadama na ƙasa ya yaɗa ƙananan rijiyoyin noman rani.

Inda na fi so ku lura shi ne inda kogi ya yi kwana. A gefen waje ruwa yana cin gaɓa, kowace damina sai ta zabtare; wanda ya kafa rijiya a nan ya ba kogi ajiya. A gefen ciki kuwa kogi yana zubar da yashi, shekara da shekaru, har ya yi kauri. Haka kuma tsohuwar hanyar da kogi ya bari, wadda ƙasa ta binne, sau da yawa cike take da yashi mai gwaɓi. Dattawanmu masunta sun san waɗannan hanyoyi fiye da taswira, kuma ina roƙon kwamiti ya zaga da su kafin a kira masu na'ura. Bayan nan sai masana su auna da na'urar lantarki wadda ke bambanta yashi da yumɓu, a yi haƙar gwaji a wuri biyu ko uku.

Rijiyar bakin kogi daga kogin take sha, yashin da ke tsakaninsu shi ne rariya. In ta matsa kusa ƙwarai, ruwan bai tacu ba. In ta yi nisa, janyowa ta yi wuya. Kuma kogin yau ba na ƙuruciyarmu ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa ya sake, laka da ciyawar kacalla sun toshe rassa da dama. Reshen da laka ta shafe ƙasansa ba ya ciyar da rijiya, ko da ido yana ganin ruwa a kwance.

Batun tsabta ba na wasa ba ne, domin ba mu manta kwalarar 2021 ba. Rijiya ta kasance sama da inda kwatamin gari ke shiga kogi, kuma aƙalla mita 30 daga kowace shadda, har fiye da haka a ƙasa mai yashi. A ɗaga dakalinta ya wuce alamar da ambaliyar 2022 ta bari a bango. A kai ruwan ɗakin gwaji: sinadarin naitiret da takin zamani ke zubarwa kada ya haura miligiram 50 a lita, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, a kuma duba kanwa da tsatsa.

Na ji ana cewa a yi sauri a gama kafin Sallah, domin a buɗe a gaban baƙi. A nan na saɓa da masu wannan ra'ayi. Gwajin da aka yi da kaka, ƙasa tana ƙoshe, ba ya nuna komai. A jira Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin nisa, a kunna injin yini da kwana ba tsayawa, ana auna saukar ruwa, sa'an nan a kashe a ga saurin dawowarsa. Shawarata ita ce kada ma'aji ya biya ɗan kwangila kashin ƙarshe sai wannan sakamako ya zo a rubuce, an karanta shi a gaban kwamiti.