Wayar da ke aljihunka shaida ce



Waɗanda suka daɗe a Gudu ba su manta da 'yan Apo shida ba, makwabtanmu ne. A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka kashe su, aka ce 'yan fashi ne. Mai hoton da aka kira ya ɗauki gawarwakin, shi ya zo gaban kwamitin bincike na Mai Shari'a Olasumbo Goodluck ya faɗi yadda aka jera musu makamai kafin ya ɗauka. Sai 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin 'yan sandan hukuncin kisa. Shekara goma sha biyu fa! A 2005 ba kowa ke da kyamara ba. Yau ga ta har a hannun mai tura baro a kasuwar Gudu.

To, ɗaukar hoton ɗan sanda yana bakin aiki a kan titi ba laifi ba ne. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin samun bayani da isar da shi. Kakakin rundunar 'yan sanda na lokacin, Muyiwa Adejobi, da kansa ya faɗi haka a 2023. Sashe na 37 kuma ya kare sirrin wayarka, ba a tare ka a hanya a ce buɗe mu gani, balle a ce goge.

Amma samari, ku nake ji wa. Ka ja gefe, kada ka kutsa tsakanin ɗan sanda da wanda ya kama, kada ka cusa masa waya a hanci kana zagi. Hana shi aiki laifi ne mai zaman kansa. Ka samu sunan da ke ƙirjinsa da lambar mota, ka tura wa wani ɗan uwa nan take. Bariki da wuraren tsaro dokarsu daban, kada ka gwada.

In ya fizge wayar, sakar masa, mai bindiga ba abokin kokawa ba ne. Riƙe rana da wuri da sa'a, ka kai ƙara sashen karɓar koke na 'yan sanda ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Maitama.